Ranar da Littafina Ya Kusa Kashe Baba Mai Faci

Akwai ranar da nake jin ko tsufa ya kama ni har na fara rikita sunayen jikokina, ita ba za ta goge daga zuciyata ba. Wata Talata ce a tsakiyar damina, ranar da na tsaya gaban mutanen garin da aka haife ni, ina rantsuwa da Allah cewa abin da na rubuta ƙarya ne. Kowane marubuci burinshi a ce labarinshi kamar gaske. Ni kuwa ranar roƙona a yarda nawa ba gaske ba ne, don ran wani bawan Allah yana rataye a kan haka.

Ni malamar firamare ce a Ƙanƙara, nan aure ya kawo ni, amma asalina wani ƙauye ne a ƙasar Faskari, ba nisa da Daudawa. Sunanshi zan bar shi a cikina, don waɗanda abin ya shafa suna nan da ransu. Tun ina sakandare nake cika littattafan makaranta da labarai, burina kuwa ɗaya ne, in ga sunana a bangon littafi, in shaƙi ƙamshin sabuwar takarda. Sai dai kafin in kai ga haka kasuwar ta riga ta kwanta. Na taɓa zuwa Funtuwa da rubutuna a jaka, wani dattijo mai sayar da littattafai ya nuna mani shagonshi, rabin kantocin duk sun koma na caja da batir, ya ce, "Malama, masu karatun duk sun ƙaura cikin waya. In kina son a karanta ki, sai ki bi su can."

Na kuwa bi su. Na buɗe guruf a waya, in na taso makaranta na sauke tukunya sai in zauna in rubuta da biro, sannan in kwafe da babban yatsa in tura. Kafin shekara mata sun cika guruf ɗin, daga Katsina, daga Zariya, har da na ƙasashen waje. Kwana biyu in ban tura ba sai saƙo ya yi ta shigowa: "Anti lafiya? Anti a taimaka a ci gaba." Wanda bai taɓa ɗanɗana wannan ba ba zai gane yadda yake juya kan mutum ba. Ni dai ya juya nawa.

Littattafaina uku na farko duk na soyayya ne. A na huɗu na ce na gaji, ga shi a ƙasarmu kullum sai ka ji an kora shanu, an ɗauki mutane, an hana noma, ni kuma ina ta rubuta saurayi mai mota. Na yanke shawarar in rubuta abin da ke damunmu. Labarin wani gari ne na ƙirƙira da ɓarayin daji suka addaba, kuma ashe akwai wanda ke kai masu bayani daga cikin gari, irin waɗanda muke kira infoma. Nan na maƙale. Duk mugun da na zana sai ya fito da jajayen idanu da baƙar fuska, tun shafin farko mai karatu zai gane shi. Ni kuwa so nake ya zama mutumin da ba wanda zai taɓa zargi, wanda in asiri ya tonu kowa zai dafe ƙirji. Ina cikin wannan tunani sai fuskar Baba mai faci ta faɗo mani.

Aminin mahaifina ne, Allah ya jiƙan mahaifin nawa. Rumfarshi tana bakin hanya a shigar gari, gindin wata bishiyar dalbejiya, nan yake facin tayar keke da babur tun kafin a haife ni. Yana ɗingishi da ƙafar dama. Komai aka gaya mashi, mai daɗi ko marar daɗi, amsarshi ɗaya ce: "To, gobe ma rana ce." Kuma yana da wani jan ƙyalle da yake ratayawa a reshen bishiyar in yana nan, don masu babur su hango daga nesa su san akwai mai gyara. In zai tafi masallaci ko gona sai ya sauke. Muna yara in za mu wuce makaranta yakan kira ni "ɗiyar abokina", ya ciro gyaɗa daga aljihu ya zuba mani a hannu. Wannan mutumin na ɗauka ɗungurungum na sa a littafi. Na canza mashi suna kawai. Ɗingishin, facin, bishiyar, "gobe ma rana ce", duk na bar su. Jan ƙyallen kuma na mai da shi alama: in ya rataya, to yana gaya wa mutanen daji jami'an tsaro sun bar gari. Ranar da na rubuta wannan har tafi na yi wa kaina. Wallahi ko sau ɗaya bai zo mani a rai cewa cutarwa ce ba. Gani nake wa zai karanta a ƙauyenmu, inda sai ka hau tudu kake samun sabis?

Abin da na manta shi ne yanzu littafi ba ya tsayawa a ido, kunne yake bi. Akwai masu karanta littattafanmu da murya su ɗora a intanet, daga nan masu tura waƙoƙi a kasuwa su sauke su zuba wa mutane a memori. Wani daga cikin masu karantawar, wanda ban taɓa gani ba sai dai murya, ya kira ni ya nemi izini. Na ce mashi bismilla, ina ta murna. Ban ce ya turo in ji ba kafin ya saki. Ban ma bi ta kai ba.

Ana nan, wata ranar Lahadi ɓarayin daji suka shiga garinmu. Da rana tsaka, mutane suna gona. Motar jami'an da ke zaune a makarantar firamare ta tafi da safe, kafin azahar babura suka ɓullo daga cikin masara. Sun kora shanu, sun tafi da mata, sun kashe mutum biyu. Ɗaya daga cikin mamatan ƙanen shugaban 'yan sa-kai na garin ne, saurayi da ake shirin bikinshi bayan kaka. Na yi kuka, na kira gida na yi gaisuwa, na ce zan zo in hanya ta lafa.

Talata da safe ina cikin aji, ina rubuta jadawalin sau bakwai a allo, wayata ta yi ta ruri a jaka. Yayana ne, wanda ke zaune a ƙauyen. Na fita baranda na ɗauka. Ko sallama bai yi ba.

"Ke, wani labari kika rubuta na mai faci?"

Na ce, "E, Yaya, littafi ne. Lafiya?"

"Ina fa lafiya. Tun jiya ake kunna shi a teburin mai shayi. Yanzu haka sun kama Baba, shina ƙofar gidan Maigari a ɗaure. Sun ce ke kika tona mashi asiri. Maigari ya roƙe su su dakata zuwa azahar, ya ce a nemo wadda ta rubuta. In ba ki zo ba, wallahi yau sai dai gawarshi."

Allin da ke hannuna ban san lokacin da ya faɗi ba. Na tuna yara suna ta maimaita "bakwai sau uku ashirin da ɗaya" a bayana, muryarsu kamar daga cikin rijiya.

Maigidana yana koyarwa a makarantar da ke kusa da tamu. Da na je mashi ko magana na kasa haɗawa. Da ya gane, sai ya ce, "Malama, kin san abin da kike shirin shiga? Mutanen da suka rufe 'yan'uwansu shekaranjiya ba sa jin bayani. Kuma ga hanya." Na ce na sani, amma in na zauna aka kashe shi, da hannuna na kashe shi. Ya dube ni, ya ce, "To ɗauko littattafan da kika rubuta da biro, duka. Tare za mu."

A tasha mun tarar da mota ta cika amma direba ya ƙi tashi. Ya ce sai ya ga mota ta fito daga hanyar Sheme tukuna, ya tambayi yadda ta baro hanya. Haka ake yi a lokacin. Muka zauna, ina duban agogo kamar zan cinye shi da ido. Sai wajen ƙarfe goma da rabi wata ta iso, direbanta ya ɗaga hannu ya ce a tafi amma kar a tsaya wa kowa. Masara da dawa sun fi mutum tsawo, sun rufe hanya dama da hagu, duk inda ganye ya motsa sai ka ji numfashin mutane ya ɗauke. Wata tsohuwa kusa da ni tana ta jan carbi. Amma in gaya maku gaskiya, ranar tsoron daji bai kai mani tsoron agogo ba. Addu'ata ɗaya, Allah ka sa kar a kira azahar kafin mu isa.

Daga bakin titi muka hau babur. Da muka zo shigar gari na ga rumfar Baba an rushe ta, famfon hura taya yana yashe cikin taɓo, kwanon ruwan da yake gwada tayu a kife. Na kau da kai.

Tun daga nesa muke jin hayaniya. Ƙofar gidan Maigari ta cika maƙil, maza a gaba, mata a bakin zaurukan maƙwabta. Yayana ya hango mu ya zo ya kama hannun maigidana, ya buɗe mana hanya. Ina ji ana cewa, "Ga ta nan, ga ta nan." Wasu har suna sa mani albarka, wai na yi jihadi. Wannan sa albarkar ta fi zagi ciwo.

Baba yana zaune a ƙasa, an ɗaure hannuwanshi ta baya da robar da aka yanko daga tsofaffin tayun rumfarshi. Ba hula a kanshi. A rayuwata ban taɓa ganin kan Baba a buɗe ba, ashe duk ya yi fari. Gefen bakinshi ya fashe, jini ya bushe a gemunshi. Ya ɗago ya dube ni sau ɗaya, ba fushi a idon, sai wani irin mamaki, sannan ya mai da kai ƙasa.

Na durƙusa na gai da Maigari da Liman da ke zaune a kan tabarma. Shugaban 'yan sa-kai yana tsaye, bindiga ƙirar gida a kafaɗarshi. Sa'an yayana ne, tare suka yi makarantar allo, ni ma Yaya nake ce mashi. Idanunshi sun kumbura, da gani bai runtsa ba tun Lahadi. Ya yi gyaran murya sau biyu, kamar yadda ya saba, ya ce a kunna.

Wani ya ɗaga ƙaramar sifika. Muryar mai karatun nan ta fito, da sautin kiɗan tausayi a ƙasa, kuma abin da ya fara da shi ba ni na rubuta ba: "Masu sauraro, wannan labari ne na gaskiya. Wata baiwar Allah da abin ya faru a garinsu ce ta aiko mana, ta ce a sakaya sunanta." Daga nan sai kalmomina suka biyo baya, ɗaya bayan ɗaya. Mai faci mai ɗingishi. Gindin dalbejiya. Jan ƙyalle. Da aka zo inda yake cewa "gobe ma rana ce", sai taron ya ɗauki gurnani kamar hadari. Jimlolin da na zauna na goge na gyara, ina jin daɗin yadda suka zauna, yau ga su suna faɗa wa tsoho kamar duwatsu.

Shugaban ya ɗaga hannu aka kashe. Ya ce, "Ke kika rubuta?"

Na ce, "Ni ce, Yaya."

"To faɗi gaban jama'a. Wa ya gaya maki shi ne?"

"Ba wanda ya gaya mani. Wallahi ƙirƙira na yi. Littafi ne, ba labarin gaske ba. Wancan da ya ce gaskiya ne, shi ya ƙara da bakinshi."

"Ƙirƙira." Ya jinjina kai. "Ɗingishin ƙirƙira ne?"

"A'a."

"Jan ƙyallen fa? Ranar Lahadi kowa ya gan shi a rataye."

"Nashi ne, Yaya. Amma ai kullum a rataye yake, tun muna yara. Aro na yi na sa a labari."

"Wato rabi gaskiya, rabi ƙarya. To ke gaya mani, ta ina za mu yanka mu raba su?"

Daga bayan taron wani ya ɗaga murya ya ce, "An saye ta ne! Jiya ta tona, yau ta zo rufewa." Wani ya ce, "Ita ma a tambaye ta. Mace tana Ƙanƙara, ta yaya ta san yadda ake ba su alama in ba ta da hannu?" Na ji taron ya matso. Maigidana ya gyara tsayuwa ya sha gabana, ina ganin bayan rigarshi ya jiƙe sharkaf. A lokacin na gane tarkon da nake ciki. In na ce gaskiya ne, Baba ya mutu. In na ce ƙarya ne, ni ce abar zargi. Na tuna 'ya'yana biyu da na baro a makaranta ban ko yi masu sallama ba.

Liman ne ya yi magana, a hankali, yana gyara tabaronshi da ya ɗaure ƙafarshi ɗaya da zare. Ya ce, "Ɗiyata, kin ce aro kika yi. Shi kaɗai kika ara a garin nan?"

Tambayar ta buɗe mani ƙofa, amma ƙofar da na hango bayanta ta fi ba ni tsoro. Abin da ya iso garin kashi ɗaya ne kawai na littafin, inda asirin mai faci ya tonu. Sauran ba su ji ba. Ni kuwa na san abin da ke cikin sauran. Na buɗe jaka na ciro littattafan. Na ce, "Allah gafarta Malam, ba shi kaɗai ba ne. Ka yafe mani, har da kai." Na karanta inda na kawo wani mai sayen shanun sata, dattijo mai sanyin murya, mai tabarau ɗaure da zare. Wasu suka dubi Liman, aka yi 'yar guna-guni. Liman ya cire tabaron ya riƙe a hannu.

Sannan na buɗe shafin da nake gudu. Na yi bismilla a zuci. Na karanta inda shugaban ɓarayin dajin ya fara bayyana a labarin: dogo, baƙi, mai tabo a girar hagu inda sa ya soke shi yana yaro, wanda ba ya fara magana sai ya yi gyaran murya sau biyu.

Ba wanda bai san tabon nan ba, da yawansu suna wurin ranar da san ya soke shi. Idanu suka juya gaba ɗaya kan shugaban 'yan sa-kai.

Ya tako zuwa gare ni. Ya ture maigidana gefe da hannu ɗaya. Ya tsaya dab da ni har ina jin warin baƙin man bindigar, ina ganin tabon yana motsi. Ya ce, da murya ƙasa-ƙasa, "Ni kika mai da ɓarawon daji? Ni da na sa ƙanena a rami da hannuna?"

Ban san daga ina maganar ta zo mani ba. Na ce, "Na yi, Yaya. Ban nemi izininka ba, kamar yadda ban nemi na Baba ba. Laifina ne ni kaɗai. Amma in littafin nan shaida ne, to shaida ne a kanku ku duka. In kuwa ba shaida ba ne a kanka, wallahi ba shaida ba ne a kanshi."

Ya yi ta kallona. Na rufe ido ina jiran mari, ko abin da ya fi mari. Sai muka ji muryar mace daga bakin zaure. Mahaifiyarshi ce, wadda ke zaman makokin ɗanta, ta fito da sanda, lulluɓe da baƙin mayafi. Mata suna riƙe ta tana fizgewa. Ta kira shi da sunan da take kiranshi tun yana goye, ta ce, "Ranar da aka haifi ƙanenka, wannan da ka ɗaure shi ya goya ungozoma a keke cikin ruwan sama ya kawo ta. In kana da shaida a kanshi wadda ba tatsuniyar yarinya ba, kawo ta in ji. In babu, kar ka zuba mani jinin wani a kan kabarin ɗana. Wanda ke kwance ya ishe ni."

Ya juya, ya zaro wuƙa daga ƙugunshi, ya nufi Baba. Na ƙwala ihu, mata suka ɗauki salati. Ya sunkuya ta bayan tsohon, ya yanke robar. Sannan ya jefar da wuƙar, ya tsuguna a wurin ya rufe fuska da hannuwa, kafaɗunshi suna girgiza. Ana cikin haka ladan ya kira azahar.

Ba a watse da daɗi ba. Wasu sun tafi suna cewa ba a rasa nono a ruga, in babu rami me ya kawo maganar rami. Maigari ya kira maigidana gefe ya ce mu bar garin kafin la'asar, don ba zai iya lamunce zuciyar kowa ba. Yayana da Liman suka ɗaga Baba. Hannunshi na dama yana lilo, ashe an karya shi tun da safe. Na matsa zan yi magana, ya wuce ta gabana yana jan ƙafa, bai dube ni ba.

Watannin da suka biyo baya ban san daɗin abinci ba. Duk baƙuwar lamba da ta kira sai in ƙi ɗauka, ina tunanin ko mutanen dajin ma sun ji, ko wani ya ce masu akwai malamar da ta san sirrinsu. In babur ya tsaya ƙofar gidanmu sai in tattara yara mu shige ɗaka. Na kira mai karatun nan ina kuka na gaya mashi abin da ya jawo. Ya yi salati, ya ba ni haƙuri, amma ya ce, "Anti, kasuwar ce haka. In ba ka ce labarin gaskiya ba ne, ba mai danna shi." Ya sauke daga shafinshi. Amma wanda ya riga ya shiga memorin mutane daga kasuwar Ƙanƙara har ta Sabuwa, wa zai bi ya goge? Na rufe guruf ɗina ba tare da na ƙarasa littafin ba. Fiye da shekara ban taɓa biro ba sai don duba aikin yara.

Bayan kaka na ji Baba ya bar garin, ya koma Sabuwa wajen babbar ɗiyarshi. An daina kai mashi gyara, yara suna nuna shi da baki, hannun ma bai koma daidai ba. Na daɗe ina jan ƙafa kafin na samu ƙarfin zuwa. Ni da maigidana muka same shi da hantsi a zaure, yana ɓarar masara da hannun hagu. Na durƙusa, sai hawaye. Ya bar ni na yi mai isata. Sannan ya ce, "Ɗiyar abokina, na sa an kunna mani labarin nan tun daga farko har inda kika tsaya. Kin iya. Wallahi ni kaina da nake ji sai da na tsani mutumin nan. Abu ɗaya ne ya tsaya mani. Me kika gani a fuskata tun kina yarinya, da ya sa kika ga na dace da shi?"

Na ce, "Ba komai, Baba. Don kowa ya yarda da kai ne. Ina neman wanda ba za a taɓa zargi ba."

Ya juya totuwar masara a hannu. Ya ce, "Ashe yardar ce laifina."

Na roƙe shi gafara. Ya ce ya yafe duniya da lahira, albarkacin mahaifina da kuma ganin na shigo hanyar nan ranar da kowa ke gudunta. Na ce ko zai koma gida in an gyara mashi rumfa, maigidana ya yi alkawari. Ya girgiza kai ya ce, "Mutum in aka ɗaure shi gaban 'ya'yanshi da jikokinshi, ko an kwance igiyar, ba a kwance ba." A Sabuwa ya zauna har Allah ya karɓi abinshi.

Na koma rubutu daga baya, don abin da ke jininka ba ya barinka. Amma ba yadda nake yi da ba. Abin da wannan rana ta koya mani shi ne fuskar mutum da tafiyarshi da maganarshi ba kayan gwanjo ba ne da marubuci zai tsinta ya ɗinka yadda ya so, amana ce, kuma mai ita yana da 'ya'ya da maƙwabta. Ta koya mani cewa a ƙasar da tsoro ya yi wa mutane yawa, labari ashana ne a gonar da ta bushe, kuma in ya bar hannunka ba ka da iko da bakin da zai faɗe shi ko kunnen da zai ji shi. Ba cewa nake mu daina rubuta abin da ke cinmu ba, dole mu rubuta. Amma yanzu duk mugun da na zana, kafin in tura sai in ajiye biro in tambayi kaina: in aka kunna wannan a teburin mai shayi, kwana ɗaya bayan an dawo daga maƙabarta, wa jama'a za su juya su kalla? In har wata fuska ta zo mani a rai, ko wace ce, yaga shafin nake yi in sake daga farko.